Ina laifin wanda ya shuka ciyawa a kan yashi?

Tambaya: Malam, ni mutumin Yusufari ne a jihar Yobe. A wajenmu yashi abokin gaba ne, yana cinye gonaki, yana binne gidaje, kullum roƙonmu a taimaka mana da dashe don a tsayar da shi. Sai na ji cewa a Sukotlan an shafe shekaru ana rigima da Donald Trump don ya gina filin wasan golf na alfarma a kan tuddan yashi na bakin teku, ya mayar da wurin kore shar. Mutumin da ya zuba kuɗinsa ya tsayar da yashi, ya kawo aikin yi, ina laifinsa?

Amsa: Ɗan'uwa, da irin wannan tunanin naka na sauka a birnin Aberdeen lokacin da na je karatu. Aikina shi ne binciken illar da manyan ayyuka ke yi wa muhalli, kuma kafin na tafi, abin da na sani game da tudun yashi bai wuce abin da ka sani ba: a yi masa shinge, a dasa masa itace, a hana shi motsi. Sai da na taka wurin da ƙafata na gane cewa ciwon Yusufari daban, na can daban. Abin da doka ta kare a wannan gaɓar teku shi ne tafiyar yashin kanta, kuma wannan tafiyar ce filin wasan ya kashe.

Wurin sunansa Menie, kimanin kilomita 16 arewa da Aberdeen, daf da ƙauyen Balmedie, a bakin Tekun Arewa. Idan ka ajiye mota a Balmedie, za ka bi wata 'yar hanya ta katako da aka shimfiɗa don kada ƙafafun jama'a su cinye tudun, sannan ka haura. Abin da zai fara tarbarka iska ce, mai sanyin da ya fi na tsakiyar hunturu. Ranar da na je, ina tsaye yashi yana sukar idon sawuna kamar ana watsa mini gero, yana gudu a ƙasa da wani siririn sauti. Na ajiye jakata ina ɗaukar hoto. Da na waiwayo bayan ɗan lokaci, yashi ya taru a gefenta ɗaya, ya yi ɗan tudu mai wutsiya. Haka manyan tuddan nan suka samu, daga abin da iska ta tara a bayan wani abu, a cikin shekaru dubbai.

Tuddan bakin teku jere suke kamar 'ya'yan gida ɗaya, daga jariri zuwa dattijo. Kusa da ruwa akwai ƙanana sababbi waɗanda guguwa ɗaya ke iya shafewa. Bayansu akwai manya masu haske, a kansu wata ciyawa mai kauri da tsini da ake kira maram, wadda in ka gan ta za ka tuna da tofa. Halin wannan ciyawa abin mamaki ne, domin binnewa take so. Duk sanda yashi ya rufe ta sai ta ƙara tsawo, ta fitar da sabuwar saiwa a sama, in kuwa yashi ya daina zuwa sai ta yi rauni ta fara mutuwa. Can baya, inda iska ta rage ƙarfi, ƙasa ta fara kamawa, gansakuka da ƙananan tsirrai masu launin toka sun lulluɓe tudun. A tsakankanin tuddan kuma akwai kwaruruka masu laima, waɗanda ruwa ke kwanciya a cikinsu lokacin sanyi, ya janye lokacin zafi. A waɗannan kwaruruka ne ake samun furanni da ƙwari da tsuntsaye waɗanda ba sa rayuwa a ko'ina sai a irin wurin.

Abin da ya bambanta Menie da sauran gaɓa shi ne wani makeken fili na tsurar yashi, babu ko ƙwayar ciyawa a kansa, wanda ke rarrafawa arewa mitoci da dama kowace shekara. Idan ya wuce, sai ya bar ƙasa mai damshi a bayansa, sabuwa fil, tsirran farko su zo su kama. Bayan wasu shekaru wasu tsirran su gaje su, bayan wasu shekarun kuma wasu su gaji waɗancan. Mai bincike zai iya tashi daga gindin yashin ya nufi kudu a ƙafa, kowane taki yana shiga ƙasar da ta girmi wadda ya bari, yana ganin yadda rai ke kama wuri tun daga babu. Wurare irin wannan sun yi ƙaranci ƙwarai a Birtaniya, domin mafi yawan tuddan gaɓarta ciyawa da ƙaya sun danne su, sun daina motsi. Abin har ya kai a yankin Wales masu kula da muhalli suna saka katafila ta yaye ciyawa, ta tsaga tudu, don iska ta samu hanya yashi ya sake tashi. Na san wannan zai yi wa mutumin Yusufari wuyar haɗiya, ni ma ya yi mini.

Ka duba bambancin. Tuddan da ke damun ku, da na Gure da Maine Sorowa a Nijar, da yawansu sun daɗe a kwance, sai farin 1973 da na 1984 da yawan kiwo da saran itace suka tashe su. A gabansu akwai gona, akwai rijiya, akwai kwari mai dabino da kanwa, akwai ɗakin mutum. Tashin yashin nan alama ce ta ƙasa ta ji rauni, kuma wanda ya kafa shingen kaba ya dasa itace ya yi aikin lada. Su ma mutanen Sukotlan sun ɗanɗana wannan. A 1694 yashi ya binne gonakin Culbin a arewacin ƙasar, a shekarar da ta biyo baya majalisarsu ta kafa doka ta hana tuge ciyawar da ke riƙe tuddan bakin teku. A Menie kuwa babu ƙauyen da yashin ke shirin binnewa. Gabansa tudu ne, bayansa tudu ne, kuma motsinsa ne ke haifar da sabon wurin zama ga halittun da ke can.

To me gina filin golf ke yi wa irin wannan wuri? Filin yana da ramuka 18, kuma a Menie tsawon tafiyar daga na farko zuwa na ƙarshe ya kusa kilomita 7. Mai biyan ɗaruruwan fam don ya buga ƙwallo sau ɗaya ba zai yarda ya dawo baɗi ya tarar yashi ya binne rami na goma sha huɗu ba. Saboda haka aikin farko shi ne a ɗaure yashin. Aka bi fuskar tuddan ana dasa maram da hannu, gindi bayan gindi, har tsurar yashin nan ya rufe. Aka kawo manyan injina suka gyara kwaruruka, suka cike wani wuri, suka rage wani, aka shimfiɗa bututun ban ruwa da magudanai da hanyoyi, aka shuka ciyawar wasa mai laushi. Akwai kuma illoli biyu da ido ba ya gani. Tsirran tudu sun saba da ƙasa maras ƙarfi, talaucin ƙasar ne ma ke kare su. Da zarar taki ya shigo, ciyawa mai haɗama za ta taso ta shaƙe su. Sannan ruwan kwaruruka a kan ma'auni yake, in magudana ta sauke shi ko da taƙi ɗaya ne, tsirran da ke buƙatar jiƙewar lokacin sanyi sun tafi ke nan. Wanda ya zo da kyamara zai ga kore mai ban sha'awa. Wanda ya san wurin tun da can zai ga cewa abin da ke numfashi ya tsaya cak.

Sai maganar doka, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Wani ɓangare na wurin, wanda ake kira Foveran Links, a lokacin yana cikin jerin wuraren da hukuma ta ayyana a matsayin masu muhimmanci na musamman ga kimiyya, waɗanda ake taƙaita sunansu da haruffan SSSI. Wannan matsayi ba ya ƙwace ƙasa daga hannun mai ita, kuma ba ya kulle ƙofa gaba ɗaya. Ƙa'idar ita ce ba za a yarda a lalata wurin ba, sai fa in amfanin da aikin zai kawo ga tattalin arziki ko jin daɗin jama'a ya kai na ƙasa baki ɗaya, har ya rinjayi ɓarnar. Ta wannan ƙofa ake shiga. Kowane mai kuɗi da ke son irin wannan wuri ya san cewa aikinsa shi ne ya kumbura alƙaluman da zai gabatar har su cika bakin ƙofar.

Trump ya sayi Menie a 2006, ƙasa mai faɗin eka 1,400 ko kusa da haka. Mahaifiyarsa, Mary Anne MacLeod, 'yar tsibirin Lewis ce a Sukotlan, kuma ya yi ta ambaton wannan dangantaka. Abin da ya gabatar ya cika ido: jarin fam biliyan 1, guraben aiki 6,000, filayen golf biyu, otal mai ɗakuna 450, masaukan hutu 950, da gidajen sayarwa 500. Rabin ramukan filin farko a cikin wurin da aka kare suka faɗa. Hukumar kula da muhalli ta gwamnati, wadda a lokacin ake kira Scottish Natural Heritage, ta ce ba ta yarda ba. Ƙungiyoyin kare tsuntsaye da namun daji sun kawo wani zanen filin da zai kauce wa tuddan masu motsi, kamfanin ya ce shi waɗannan tuddan yake so, domin su ne za su sa filin ya yi fice a duniya.

A ƙarshen Nuwamban 2007 kwamitin ƙaramar hukumar Aberdeenshire ya zauna, ƙuri'a ta tashi 7 da 7. Shugaban kwamitin, kansila Martin Ford, ya jefa ƙuri'ar raba gardama, ya ƙi amincewa. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Sukotlan, a ƙarƙashin Alex Salmond, wanda shi ne kuma ɗan majalisa mai wakiltar yankin, ta karɓe maganar daga hannun ƙaramar hukumar. Kafin watan Disamba ya ƙare, 'yan'uwansa kansiloli sun sauke Ford daga kujerarsa. An yi zaman sauraron bahasi a bainar jama'a a watan Yunin 2008, Trump da kansa ya zo ya ba da shaida, hujjarsa kuwa irin taka ce, ɗan'uwa: ya ce zai tsayar da yashin ne, ya cece shi daga iska. A Nuwamban 2008 ministan kuɗi John Swinney ya ba da izini. Masu binciken ba su musanta cewa za a yi ɓarna ba. Sun amince za a yi, suka ce amfanin ya rinjaye ta.

An buɗe filin a Yulin 2012. Otal mai ɗakuna 450 bai tashi ba, sai wani ƙaramin masauki a tsohon gidan da ke cikin gonar. A mafi yawan shekaru goma na farko, ma'aikatan da takardun kamfanin suka nuna ba su kai 100 ba, kuma shekara bayan shekara asara yake bayyanawa. Kuɗin da kamfanin da kansa ya riƙa cewa ya zuba fam miliyan 100 ne, kashi ɗaya cikin goma na abin da aka faɗa da farko. Akwai dalilai, kuma ba zan ɓoye su ba: tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 2008, farashin man da Aberdeen ke rayuwa a kai ya faɗi a 2014, sannan Trump ya ce ya dakatar da otal ɗin saboda injinan samar da lantarki daga iska guda 11 da aka shirya kafawa a cikin teku daura da filin. Ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Birtaniya, ya sha kaye a Disamban 2015. Maƙwabtan da suka ƙi sayar da gidajensu su ma sun sha wuya, da fargabar za a tilasta musu tashi, da tarin ƙasa da aka jibge kusa da wasunsu don a ɓoye gidajen daga idon baƙi. Amma ko wane dalili aka kawo, lissafin ɗaya ne. Ma'aunin da aka ɗora ɓarna a hannu ɗaya aka ɗora fam biliyan 1 a ɗaya hannun, biliyan ɗin bai zo ba, ɓarnar kuwa ta zo cif. A Disamban 2020 hukumar muhallin, wadda yanzu ake kira NatureScot, ta cire tuddan Menie daga jerin wuraren da aka kare, domin abin da ya sa aka saka su a ciki babu shi.

Kada ka ɗauka ina cewa golf da tudun yashi ba sa ga maciji. A kan irin wannan ƙasa aka haifi wasan. Ƙasa ce tsakanin teku da gonaki wadda ba ta noma, sai kiwon tumaki da zomaye, su ne suka aske ciyawar, mutane suka zo suka tarar da fili suka fara buga ƙwallo. Tun 1457 sarkin Sukotlan ya hana wasan don yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. Tsohon filin St Andrews har gobe ana rufe shi mafi yawan ranakun Lahadi, jama'ar gari su shiga su yi yawo da iyalansu. Waɗancan tsofaffin filaye da ƙafa da haƙorin tunkiya aka yi su, kuma wasunsu sun kare gaɓa daga gine-gine. Ko a zamanin nan, a 2009 an buɗe filin Machrihanish Dunes a yammacin Sukotlan, a cikin wurin da doka ta kare, tare da sa idon hukuma, eka 7 kacal aka taɓa da inji, sauran askewa aka yi, tumaki kuma suna kiwo. Abin ya yiwu a can ne domin abin da aka kare ciyayi ne a kan tudu mai zaman lafiya, wanda aski bai cika cutar da shi ba. Tambayar farko a aikinmu ke nan: me aka kare a nan, kuma zai iya zama tare da wannan aikin? A Menie amsar a fili take tun ranar farko.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Coul Links, can arewa a yankin Sutherland, kusa da wani ƙaramin ƙauyen masunta da ake kira Embo. A nan babu attajiri mai hayaniya da za a nuna wa yatsa. Waɗanda suka kawo shirin farko Amurkawa ne, Mike Keiser da Todd Warnock, kuma Keiser ya yi suna wajen gina filayen da ba a cika yi wa ƙasa tiyata ba, irin na Bandon Dunes a jihar Oregon. Wurin kuwa kariya uku ke kansa: ta ƙasa, ta tsuntsaye a tsarin Turai, da ta yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kan kare dausayi, jerin da dausayin Nguru na jiharku ke ciki. Kwarurukansa suna cika da ruwa lokacin sanyi, agwagin ruwa su sauka. Akwai wani ɗan ƙuda mai suna Fonseca wanda a duk duniya ba a san shi a ko'ina ba sai a wannan 'yar gaɓa ta Sutherland. Majalisar yankin Highland ta amince da shirin a 2018 duk da shawarar jami'anta, ministoci suka karɓe maganar, aka yi zaman bahasi a 2019, a Fabrairun 2020 aka ƙi. Darasin Menie yana cikin zukatan mutane a lokacin.

Sai wasu mutanen yankin da kansu suka tashi, suka kafa ƙungiya mai suna Communities for Coul, suka dawo da shirin a sabuwar siga. Hujjarsu ba ta wasa ba ce. Sutherland yanki ne da a farkon ƙarni na 19 masu ƙasa suka kori talakawa daga gonakinsu don a yi kiwon tumaki, har yanzu gunkin basaraken da aka yi korar da sunansa yana tsaye a kan dutse sama da garin Golspie, ana hango shi daga nesa. Tun daga lokacin yankin yake zubar da mutane. Matasa suna gama makaranta su tafi birni, gidaje sun yi tsada saboda masu sayen gidan hutu, tsofaffi ake bari. Idan mutumin Embo ya ce maka ɗan ƙuda ba zai riƙe masa ɗansa a gida ba, ba ka da bakin ce masa bai san abin da yake faɗa ba. Suna kuma cewa wurin ma lalacewa yake yi a yanzu, ƙaya da ƙananan itatuwa suna mamaye shi, kuɗin golf ne zai biya masu sharewa. A sabon shirin sun ce ba za su yaye ƙasa a hanyoyin ƙwallo ba, aske ciyawar da ke wurin kawai za su yi. NatureScot ta sake cewa ba ta yarda ba, majalisar Highland ta sake amincewa a Disamban 2023, ministoci suka sake karɓe maganar a 2024.

Ina jin zafin mutanen Embo, kuma duk da haka ina tare da masu cewa a bar wurin. Aski na kullum, da takun dubban mutane, da gyaran da mai fili zai riƙa yi duk shekara don baƙi su ji daɗi, a hankali suna mayar da tudu lambu. Maganin ƙaya kuwa sara ne da kiwo, kuma hakkin mai ƙasa da hukuma ne su yi shi ko da golf ko babu. Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne akwai mafita. Filin Kingsbarns kusa da St Andrews, wanda aka buɗe a 2000, da Castle Stuart kusa da Inverness, wanda aka buɗe a 2009, a kan gonaki aka gina su, aka tara ƙasa aka yi musu siffar tuddan bakin teku, kuma manyan 'yan wasan duniya sun buga gasa a kansu. Ƙasar da ke da filayen golf sama da 550 za ta iya ƙara wani a gona. Tudun da iska ta shekara dubbai tana ginawa kuwa, babu ɗan kwangilar da zai yi maka shi. Amma in gwamnati ta hana ƙauye abin da yake ganin shi ne mafitarsa don amfanin ƙasa baki ɗaya, to ta ci bashin ƙauyen, kuma da gidaje da aikin yi ake biyan irin wannan bashi.

Akwai kuma teku, wanda ba ya zuwa zaman bahasi. Tudun bakin teku rumbu ne. Lokacin guguwa igiyar ruwa na ɗiba daga cikinsa ta shimfiɗa yashin a ƙarƙashin ruwa, wanda ke karya ƙarfin igiyoyin da ke biyowa. In lafiya ta samu, ruwa ya dawo da yashin bakin gaɓa, iska ta mayar da shi rumbu. Da zarar ka ɗora dukiya mai tsada a kan rumbun, za ka so ka hana ɗibar. Haka ta faru a Doonbeg da ke yammacin ƙasar Ailan, filin da Trump ya saya a 2014 bayan guguwa ta ci gefensa. Kamfanin ya nemi izinin jibge duwatsu tan 200,000 a tsawon kilomita 2.8 na gaɓar, har ya kafa hujja da sauyin yanayi da hauhawar teku. Ya janye wannan, ya kawo ƙarami, hukumar ɗaukaka ƙara kan tsare-tsaren gini ta ƙasar ta ƙi a Maris na 2020, saboda tsoron abin da zai yi wa tuddan da aka kare. Ganuwa tana kare abin da ke bayanta, ta bar bakin ruwan da ke gabanta da na maƙwabta da yunwar yashi. Wanda ya san Bar Beach a Legas ya ga irin wannan: ganuwar duwatsun da aka gina a bakin tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 ta tare yashin da ke tahowa daga yamma, gaɓar ta shekara da shekaru tana zaizayewa.

Idan aka ajiye mini irin wannan takarda a kan tebur, bayan na tambayi abin da aka kare da kuma ko akwai wani wurin da za a iya yin aikin, abin da nake dubawa shi ne jerin lokaci: me zai fara zuwa, ɓarnar ko amfanin? Kusan kullum ɓarnar ce ke zuwa a watannin farko, da katafila, kuma ba ta komawa. Amfanin yana can gaba, a shekara ta biyar ko ta goma, rataye a wuyan kasuwa da ra'ayin mai kuɗi. Wannan cinikin biri a sama ne. Shi ya sa nake ba da shawarar a sa mai aiki ya ajiye kuɗin jingina a hannun hukuma tun kafin ya taɓa ƙasa, a ɗaure kowane mataki na aikin da cika alkawarin da ya gabace shi, a kuma ba wani mai zaman kansa, wanda ba kamfanin ke biyansa kai tsaye ba, aikin auna ruwan ƙasa da ƙirga tsirrai kowace shekara. Ina kuma neman a ware mini alƙaluman aikin yi: nawa ne na lokacin gini, nawa ne na watannin zafi kawai, nawa ne na dindindin da mutum zai riƙe iyali da shi. Da aka yi wa 6,000 ɗin Menie wannan tankaɗe, aka kuma ce otal ya tashi kafin a taɓa tuddan, da wuya lissafin 2008 ya fito yadda ya fito. A Yulin 2025 Trump ya koma Menie yana shugaban Amurka, ya yanke ƙyallen buɗe fili na biyu. Otal mai ɗakuna 450 har lokacin ba a gina shi ba.